Kafin a saki gonaki: aikin rediyon karkara tsakanin manomi da makiyayi



Sarakuna iyayen ƙasa, ranku ya daɗe. Ardo-ardo da wakilan makiyaya, sannunku da hanya, na san wasunku sun baro garke hannun yara don su zo nan. Ƴan uwana ma'aikatan sarwis na kiwo da na noma, ƴan Kofo, da ku samari da ƴan mata masu magana cikin rediyon karkara, barkanmu da ganin juna lafiya.

An ce in yi magana bisa rediyo da zaman lafiya. Ni dai ba ɗan jarida ba ne, aikina allurar bisashe, duba nama a mahauta, da ƙidaya a kasuwa. To amma duk wanda ya taɓa aikin kiwo a ƙasar nan ya san akwai wata ukku cikin shekara da hankalin malamin dabbobi ba shi kwance: Oktoba, Nuwamba da Disamba. Bisa waɗanga watanni zan tsaya.

Kun san yadda abin yake. Ruwan sama ya ɗauke, tabkunan arewa sun fara ƙafewa, garkunan da sunka yi damana wajen Ingal, Abalak, Barmo, Gadabeji da arewacin Tanut sun juyo kudu, don saniya ba ta jiran takardar kowa in ƙishirwa ta kama ta. Can kudu kuwa an yanke gero amma dammuna na nan cikin gona, dawa ba ta ida nuna ba, wake na kwance. Kara ma da a da ake bar ma shanu su ci su zuba taki, yau kuɗi ne, mai gona na tara abinsa ya sayar ko ya ba nasa tumaki. Ga mai yunwa, ga abinci a shimfiɗe, tsakaninsu yaro ɗan shekara goma sha biyu da sanda.

A ƙarshen watan Oktoba na 1991, lokacin da babban taron ƙasa ke zaune a Yamai, anka yi abin da anka yi a Toda, ƙasar Gidan Runji. Fiye da mutum ɗari sunka mutu, yawancinsu mata da yaran Fulani. A watan Nuwamba na 2016, a Bangi ta gundumar Madawa, rikicin da ya taso daga ɓarnar gona ya ci rai kusan ashirin. Shekara 25 tsakani, amma lokaci guda ne cikin shekara. Ban ambaci waɗanga wurare don in tada ma kowa miki ba, Allah shi jiƙan waɗanda sunka rasu. Na ambace su ne don ku lura da abu guda. Ɓarnar gona mutum biyu ta shafa, mai gona da mai shanu. In abin ya yi muni, a samu rauni ko gawa guda. Abin da ke tara ɗaruruwan mutane da adda da baka su nufi rugar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, magana ce. “An kashe muna mutum.” Ta fita daga wannan gari ta shiga wancan, kowa ya ƙara mata gishiri. Tun da magana ce ke ɗaukar wutar, dole mu dubi masu sana'ar magana.

Rediyo a hannun talakan Nijar ba baƙon abu ba ne. Tun 1962 anka kafa ƙungiyar rediyo-kulob. Dattawan da ke nan sun tuna: mai kula da kulob ya ɗauki na'urar ɗaukar magana ya bi mutanen ƙauye su faɗi ra'ayinsu, a aika Yamai a haɗa shiri, ranar da za a sa shi jama'a su taru gindin akwati guda su saurara, in an ƙare su yi mahawara. Bayan taron ƙasa, wajen 1994, gidajen rediyo masu zaman kansu sunka fara buɗewa a birane. A 1999 anka kafa rediyon karkara na farko a Bankilare, can ƙasar Tera, yana aiki da hasken rana, daga baya irinsa sunka wuce ɗari. Har an yi wani shiri a farkon shekarun 2000, bayan tawayen arewa da gabas ya lafa, inda mutum zai kawo bindigar da ya ɓoye a ba shi rediyon nan da ake wanawa da hannu, mara buƙatar batir.

Sai dai kada mu ɗauka duk abin da ya fito daga akwati alheri ne. A ƙasar Ruwanda, a 1994, akwai gidan rediyon da ake ce ma RTLM. Kiɗa yake sa wa, da barkwanci, matasa na son shi. Shi ne ya riƙa kiran wata ƙabila kyankyasai, yana faɗin inda mutane sunka ɓoye. A 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ɗaure wasu daga cikin shugabanninsa. Mu Allah ya tsare mu da irin wannan. Amma mikoron da ke gabanku iri ɗaya ne da nasu.

To, mi rediyo zai yi cikin watannin kaka?

Babban aikinsa, a ganina, shi ne manomi da makiyayi su ji magana guda a lokaci guda. Ƙasarmu ba ta rasa dokoki ba. Tun watan Mayu na 1961 akwai dokar da ta ja iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo. A ranar 2 ga Maris 1993 anka sa hannu bisa kundin dokokin karkara, Kod Rural, wanda ya haifi kwamitocin ƙasa, wato Kofo, tun daga gunduma har ƙauye. A ranar 20 ga Mayu 2010 dokar kiwo ta fito, ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, burtali da mashaya da hurumin kiwo na jama'a ne, ba a shuka cikinsu. Ita ce kuma ta tsara sha'anin rufe gonaki da sakinsu. Duk waɗannan da Faransanci anka rubuta su, suna nan cikin biro. Ku tambayi mutum goma a kasuwar bisashe, nawa za su gaya muku abin da ke ciki?

Mu ɗauki ranar sakin gonaki. Hukumar jaha ce ke tsaida ta bayan an ji ta bakin Kofo, sarakuna, manoma da makiyaya, kuma yawanci cikin Disamba take faɗowa. Doka ta ce in ranar ta wuce, mai gonar damana ba shi da diyyar ɓarna. Mai lambu da noman rani kuwa shi zai killace abinsa. Kafin ranar, wanda shanunsa sunka shiga gona zai biya. Magana ce a fili. Amma ta yaya take isa ga mutane? Takarda ta tashi daga biron gwamna ta je na ferefe, ta je na magajin gari, ta kwana biyu, ta je fadar sarki. Makiyayi da ke tafe daga kwarin Tarka ya ji a bakin rijiya an ce an saki. Manomi ya ji a masallaci an ce an ƙara kwana goma. Su haɗu a bakin gona kowa na rantsuwa shi ke da gaskiya, kuma kowane cikinsu bai yi ƙarya ba, abin da ya ji ke nan.

Nan rediyo ke da aikin da babu mai yin shi sai shi. Faɗin ranar sau ɗaya bai isa ba. Tun ana shawara a sanar cewa ana shawara, kuma ba a tsaida komi ba tukuna. In an tsaida, a faɗe ta safe da dare, kullum, da Hausa, da Fillanci, da Tamajak, da Barbarci inda ake jinsa, har yaro ya hardace. A gaya ma manomi saura kwana kaza, ya kwashe dammunansa ya kai rumbu. A gaya ma makiyayi wane yanki ne dawa ba ta ƙare ba, wane tabki ke da sauran ruwa inda zai iya dakatawa, wane burtali zai bi. In an ɗaga ranar, a faɗi wanda ya ɗaga ta da dalilinsa. Wanda aka ce ma jira, in an gaya mashi inda zai shayar kafin lokacin, yana iya jira. In ba a gaya mashi ba, cikin dare zai shigo.

Yanzu in taɓo inda ke da ɗan zafi, ƴan rediyo ku yi mani haƙuri. Tasharku cikin gari take. Kwamitin da ke riƙe da ita mutanen gari ne, kusan dukansu suna da gona. Mai gabatarwa Hausa yake ji. Ba da mugun nufi ba, sai rediyon ya zamo muryar masu zama wuri guda, makiyayi kuwa ya zamo wanda ake magana bisa kansa. Na sha sauraron shirin zaman lafiya awa guda cur, an gayyato malamin gona, liman da wakilin magajin gari, ana ta jan kunnen makiyaya su riƙe dabbobinsu, babu makiyayi ko ɗaya a ɗakin. Wanda ke rugga in ya ji haka zai ce wannan akwatin nasu ne, ya murɗa ya nemi kiɗa. Ranar da kuke buƙatar ya saurare ku, ba shi nan.

In ma akwai filin Fillanci, minti goma sha biyar ne da hantsi, lokacin da duk mai shanu yana daji. Ku tambayi ardo-ardon nan lokacin da ake kunna rediyo a rugga, za su ce muku da asuba wajen tatsa, da dare bayan garke ya kwanta. Kuma ba sai kun jira makiyayi ya zo tasha ba, don ba zai bar shanu ya zo ya zauna bisa benci ba. Ran kasuwa yana nan. Wayar salula ta isa a ɗauki maganarsa. Matan da ke kawo nono gari kullum, su ne sunka fi kowa sanin halin da ake ciki tsakanin rugga da gari, don su ke shiga gidajen mutane. Wa ya taɓa miƙa musu mikoro?

Wani abu kuma, tashar FM ƙarama ba ta wuce ƴan kilomita gommai. Garken da ya taso daga Gadabeji ya nufi iyakar Najeriya zai ratsa ƙasar tasha huɗu ko biyar. In ta Dakwaro ta faɗi magana, ta gaba ta faɗi wata, mun koma gidan jiya. Tashoshin da ke bisa burtali guda ya kamata su riƙa miƙa ma juna sanarwa. Da can sai an ba direban mota kaset, yau aikawa ce ta waya.

Sai kalmomi. “Fulani sun yi ɓarna a gari kaza.” Wane Bafillace? Shanun mutum guda ne sunka shiga gonar mutum guda. Mu da ke yin allura mun san masu shanu, don mu ke rubuta sunayensu. Garke nawa ne na alhazan birni, na ma'aikata, na manoman kansu, an ba yaro kiwo bisa lada? In an ce “Hausawa sun sare shanu”, haka nan ne, mutum ne ya sare, yana da suna, yana da gari. Abin ya ƙara nauyi tun da ɓarayin shanu da masu satar mutane sunka addabi bakin iyaka wajen Madarunfa da Gidan Runji. A 2019 dubban mutane sun gudo daga Sakkwato, Zamfara da Katsina sun shigo jahar Maraɗi saboda wannan masifa. Cikin irin wannan hali, in mai rediyo ya saba haɗa kalmar ɓarawo da sunan ƙabila, ya rataya ma kowane mai sanda da malfa laifin da bai yi ba, alhali shi ne na farko da ake kore ma garke.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wata shekara, a wani gari da na yi aiki, anka yi faɗa a gona da maraice, anka fasa ma mai gonar kai. Da dare akwai filin gaishe-gaishe da ake bugo waya kai tsaye. Wani ya bugo, maimakon gaisuwa sai ya ce an kashe wane, yana kuka. Yaron da ke gabatarwa ya ruɗe, ya yi salati, ya yi ta'aziyya. Kafin a ƙare shirin samari sun fara taruwa a bakin kasuwa. Mutumin kuwa yana likita a zaune, an ɗinke mashi kai, har ya sha fura. Abin da ya cece mu, wani dattijo cikin kwamitin rediyon ya hau babur ya je likita da waya, anka sa mai raunin ya yi magana da bakinsa, ya ce ga shi da rai, kowa ya koma gida. Anka maimaita muryar tasa har tsakar dare. Mutanen rugar da ke kusa dai ba su kwana gida ba, sun kwashe yara sun shiga daji, sai da rana ta fito sunka dawo. Yaron nan bai yi ƙarya ba, bai yi niyyar sharri ba. Ya bar maganar da bai tabbatar ba ta wuce ta hannunsa.

Don haka ran da abu ya faru, a rufe layin kai tsaye. A aiki mutum ya gano. A faɗi abin da anka tabbatar kaɗai: mutum nawa sunka ji rauni, suna ina, jandarma sun zo ko ba su zo ba, yaushe za a zauna. Kada kuma a yi shiru, don shirun rediyo shi ke bar ma jita-jita fili, balle yanzu da saƙon murya na WhatsApp ke zagaye gunduma kafin mai gari ya sa takalmi. Wani lokaci ma hoton wata ƙasa ne na shekarun baya, a ce jiya ne a garin maƙwabta. Abin da rediyon karkara ya fi WhatsApp da shi, yana da ƙofa, an san mai magana, an san gidan ubansa. In sarki da ardo za su yi kira, su yi shi tare, zaune wuri guda, kowa da harshensa, mutane su ji muryoyin biyu a jere.

Akwai kuma abin da ban taɓa ji a rediyo ba sai kaɗan, kuma ina ganin ya fi waƙar zaman lafiya amfani. Doka ta ce rikicin manomi da makiyayi sai ya bi ta sulhu gaban sarakuna tukuna, da kwamiti mai wakilan ɓangaren biyu daidai wa daida, kafin a je gaban alƙali. Ana auna ɓarna, a kimanta abin da wurin zai bayar bisa kuɗin kasuwa, a rubuta takarda. Dabbar da anka sare ko anka karya ita ma tana da diyya. Kowace kaka ana sasanta irin waɗannan da yawa a fadar masu gari, a biya, a yi musafaha, a watse. Amma jama'a labarin ɓarna suke ji, ba su jin labarin biya. Sai manomi ya zauna da cewa mai shanu kullum yana sayen gaskiya da kuɗi, makiyayi ya zauna da cewa kullum ana yanka mashi tara ta zalunci. In waɗanda abin ya shafa sun yarda, a faɗa a rediyo: an yi ɓarna wuri kaza, kwamiti ya je ya auna, an biya damma kaza ko jikka kaza, an rabu lafiya. Wanda ya ji haka sau biyar, ran da abin ya zo kansa fada zai nufa. Kuma mai son ya ci wani abu cikin diyya zai ji nauyi, tun da ya san za a faɗi adadin.

Na san za ku ce kuɗi. Gaskiya ne. Tasha na rayuwa da cigiya, sanarwar biki da ta rasuwa, batir ya mutu babu na sauyawa, masu gabatarwa yawancinsu aikin sa kai suke. Furoje ya zo ya biya shirin zaman lafiya wata ukku, ya tashi, shirin ya tashi tare da shi. Ni ba ni da kuɗin da zan ba ku, sarwis ma ba shi da su. Amma a nan laifin namu ne, mu ma'aikatan kiwo. Muna zaune bisa labarin da makiyayi ke nema ruwa a jallo: ranar rigakafi da wurin da za a yi, inda ciwo ya ɓulla, kuɗin bisashe a kasuwanni, inda haki ya yi kyau, inda gobarar daji ta ci, inda anka kawo dussa da ƙwaryar auduga mai rahusa. Muna rubuta shi cikin rahoto mu aika sama, mu ce ba a ba mu izinin magana ba. Wanda ya saba jin kuɗin raƙumi da ranar allura a wata tasha, a nan zai ji ranar sakin gona. Cigiyar ɓatacciyar saniya ma kada ku raina ta. Duk saniyar da wani manomi ya tsare ya ba ta ruwa har mai ita ya zo saboda ya ji cigiya, a faɗi sunan garin a gode musu.

Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Zabarmawa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2014, yana da daɗi a rediyo, yana sanyaya zuciya, ku ci gaba da shi. Sai dai ba shi buɗe burtalin da anka shuke. In tasha na ta kiran haƙuri alhali hanyar da shanu za su bi zuwa mashaya an mai da ta gonar wake, mai shanu ya san haƙurin nasa kaɗai ake nema. A wurare da yawa na jahar Maraɗi an kafa ma burtali turakun siminti tun ƙarshen shekarun 1990. Ɗan Kofo ya shigo rediyo tun bazara, kafin shuka, ya bi burtalin gari bayan gari da baki: ya taso daga nan, ya bi ta nan, faɗinsa kaza, ga inda turke ya faɗi, ga inda anka ci. Wanda ya shiga da gangan zai san duk ƙasar ta ji. Wannan magana ba ta da daɗi ga wasu manya, na sani, kuma mai gabatarwa ɗan gari ne, gobe zai gamu da su a masallaci. Shi ya sa bai kamata a bar yaro shi kaɗai da ita ba. Iyayenmu sarakuna, ranku ya daɗe, in kun ce a faɗa, za a faɗa.

Abin da nike roƙo kafin mu watse, bayan la'asar kowace tasha ta zauna da malamin dabbobi na kominta da ɗan Kofo da ardon da ke nan. A rubuta wa zai yi magana da Fillanci, wa zai yi da Tamajak, wace rana cikin mako malamin dabbobi zai shigo, da lambar wanda za a kira a tashar gaba bisa burtali. A ba ni kofi guda in tafi da shi. Waɗanda ke da tambaya ko gyara, musamman ku ardo-ardo da na yi ta magana da sunanku, ga mikoro.